Inda Jifan Gwadabe Ya Sauka

Faɗan da na fara yi da Gwadabe a kan akuya ne, ko in ce a kan randa. Na wanke gero na shanya a tsakar gidanmu a nan Madabo, na shiga ɗaki in ɗan miƙe baya, sai akuyar maƙwabta ta shigo ta sa baki. Malam Sule magini yana kan wata katanga da suke ɗagawa gida biyu daga namu, shi ya hango ta, ya ce wa Gwadabe da ke ƙasa ga akuya can tana cinye geron Asibi. Gwadabe ba ya ganin akuya, ba ya ganin gidan ma. Tambaya kawai ya yi a ina take tsaye, aka ce masa taku uku daga bakin rijiya. Ya ɗauki hoge ya cilla ta saman katanga biyu, ya sauka a gadon bayanta daram. Akuya ta zabura ta yi tsalle ta faɗa wa randar da na gada wurin uwata, ta raba ta gida uku.

Na fita mayafi a hannu, ban tsaya yafawa ba. Na same shi yana dariya, leburori suna tafa masa. Ya ce ai ya yi mini taimako, ya sami akuyar. Na ce akuyar ka samu, randar kuma uban wa ya same ta? Sai ya ce wai shi jifansa ya ƙare a bayan akuya, abin da ya biyo baya kuma tsakanina ne da ita. Na wanke shi tas a gaban maigidansa. Na ce masa shi ba gona, ba karatu, ba kyan fuskar da za a ba shi abinci dominta, hannun nan na dama shi kaɗai Allah ya ba shi, in ya sake ya yi wasa da shi ya gama yawo. Malam Sule yana sama yana murmushi. Washegari aka aiko mini da sabuwar randa, ƙarama, mai yoyo.

Gwadabe ɗan unguwar nan ne, a nan aka binne cibiyarsa. Ubansa haƙar ƙasa yake yi wa magina a kududdufin bayan unguwa, har ranar da gaɓa ta rufto masa. Wuni aka yi ana tono kafin a ga tafin ƙafarsa. Malam Sule, wanda shi ake haƙa wa ƙasar, ya tsaya a bakin ramin ya ce marayan nan nasa ne. A gidansa Gwadabe ya girma, kwano ɗaya da Mamman, ɗan Malam Sule na cikinsa. Mamman bai ɗauki gini ba. Farauta da tauri suka ɗauke masa hankali, ya fi son karnuka da gora a kan laka. Gwadabe ne ya tsaya a gindin katanga.

Yaran yanzu da suka tashi suka ga bulo ba su san wannan aiki ba. A ginin ƙasa magini yana zaune ne a kan katanga, ƙafa nan ƙafa can, wani yana ƙasa yana cillo masa tubali ɗaya bayan ɗaya. Tubali kuwa curin ƙasa ne busasshe, gindi da faɗi, kai da tsini, in ya sami mutum a fuska sai dai wani ba shi ba. Hannu biyu ake sa masa, a sunkuya a lilo shi daga tsakanin gwiwoyi a sake. Kuma ba so ake ya bugi hannun magini ba. Duk abin da aka cilla sama yana da inda ƙarfinsa yake ƙarewa, ya ɗan yi tsai kamar mai shawara kafin ya juyo ƙasa. To daidai wurin nan ake so ya zama gaban magini, ya ɗauke shi a iska kamar an miƙo masa a faranti. Wanda bai iya ba, ko ya gaza tubali ya dawo masa a ka, ko ya zarce ya cire wa maigida haƙori.

Gwadabe ya iya, iyawar da ban ga ta biyu ba. Yakan ce kafin tubali ya bar hannunsa yana ganin hanyarsa a iska, kamar an ja zare daga tafinsa ya lanƙwasa ya je inda za shi, shi dai ɗora tubalin kawai yake yi a kan zaren. Katanga ta kai tsayin mutum huɗu, bai taɓa sa an kawo tsani ba. Doka ɗaya Malam Sule ya kafa masa tun yana sabon shiga: ba a sakin tubali da rufaffen baki. Ranar da ya taɓa cillowa shiru, tsohon ya sauko ya kwaɗa masa marin da ya kwana uku yana jin ƙara a kunne. Tun daga ranar, da ya lilo hannu sai bakinsa ya ce, "Baba, hannu!" Malam Sule kuwa ko ya ba da baya, ko yana tsugune yana shafe laka, da ya ji sai ya ɗago ya buɗe tafuka, ba ya ko dubawa. Shekara goma sha bakwai suna haka. Duk unguwa mun san kiran nan kamar kiran sallar masallacinmu. A cikin shekarun ne Malam Sule ya ba shi 'yarsa Hasana, ya zama ɗa kuma suruki. Mamman bai hana ba, amma bai yi rawa a bikin ba.

Sai shekarar da soja suka ce sun gaji, za su koma bariki su miƙa wa farar hula, karon farko ke nan. Gari ya ɗauki zafi. Ni ban san sunan jam'iyyu ba, tutoci na sani, da waƙoƙin zambo, da yadda maƙwabcin da kuke musayar wuta da safe ya daina amsa sallamarki. Zaɓen kuma ya faɗo tsakiyar damina. Magini da damina ba shi da gini, sai ɗan toshe yoyo da gyaran indararo, aikin mutum ɗaya. Masu hali kuma duk sun fara cewa siminti suke so. Gwadabe ya yi wata biyu yana zaune a dakali yana murza yatsu, Hasana da goyo, ga biyu a ƙasa.

A nan Jibrin ya same shi. Jibrin mai facin keke ne a da, siyasa ta zo ta mai da shi shugaban 'yan bangar wani alhaji mai neman kujera. Wayonsa ya fi ƙarfinsa. Bai zo wa Gwadabe da maganar abinci ba, ya san zai ji kunya. Cewa ya yi hannu irin wannan a ce a laka zai ƙare, wanda ake yi wa ginin ma bai san sunan mai shi ba. Ya ce ba sara zai yi ba, ba suka, ko kusa da faɗa ba zai je ba. Motar 'yan hamayya ce take shigowa unguwa da lasifika tana zagin iyayen mutane, lasifikar kawai ake so a yi wa magani.

Ranar Gwadabe yana bayan wani kango, Jibrin yana kan bishiya yana gaya masa inda motar take. Dutse ɗaya ya saki. Mai zagi yana tsakiyar ambaton uwar wani, sai ji aka yi ƙau, murya ta ɗauke. Aka ɗauki Gwadabe a kafaɗa aka zaga da shi har gindin Dala ana yi masa kirari. Ba zan yi masa ƙarya don ya mutu ba: ya ji daɗi. Shekara goma sha bakwai yana cilla tubali babu wanda ya taɓa ɗaga shi sama.

Daga lasifika aka koma gilashin mota, daga gilashi aka koma kan mutane. Lungunan cikin gari ƙunci gare su, mai gora da mai adda dole su zo gaba da gaba, kowa ya ga wanda ya sare shi. Gwadabe kuwa sai ya tsaya bayan gida uku ya sauko da dutse a tsakiyar taro, kamar daga sama aka aiko shi. Ya fasa wa wani mahauci muƙamuƙi, har ya mutu kunu yake sha ta gefen baki. Wani makaɗi ya rasa ido, na gan shi da idona ana janye shi, ruwan idon yana bin kuncinsa, gangar tana rataye a wuyansa. Ranar wata Laraba an yi ruwa da hantsi, kwatar lungunmu ta wuni tana gudu ja. Su kuma waɗancan da suka rasa wanda za su rama a kansa, sai suka riƙa tare duk wanda suka gani da hular su Jibrin. Sun sassare wani tela a ƙofar shagonsa, mutumin da hular ma aronta ya yi saboda yayyafi. Gwadabe bai taɓa ganin ko ɗaya daga cikinsu yana faɗuwa ba. Ihu kawai yake ji daga bayan katanga, Jibrin ya leƙo daga bishiya ya ce an samu. Ƙananan duwatsu yake amfani da su, hannu ɗaya, ta saman kafaɗa, haƙoransa a datse.

Mamman kuwa yana ɗaya ɓangaren, shi ne ma shugaban 'yan taurinsu. Da ya ji labarin duwatsun da ke saukowa ba a ga mai jifa ba, bai tambayi kowa ba. Mutum ɗaya ne a garin nan zai iya.

Malam Sule ba ya tutar kowa. Ya taka har ƙofar gidan Gwadabe, bai shiga ba, bai karɓi tabarma ba. Ya ce masa, "Jifan da na koya maka akwai mai cafewa a ƙarshensa. Wannan wa yake cafe shi?" Gwadabe ya sunkuyar da kai ya ce damina ce, da ta wuce zai dawo gindin katanga. Tsohon ya ce Allah ya kai mu, ya juya. Ni ma da Gwadabe ya zo wucewa na tare shi na tuna masa randa. Ya ce, Iya, ai bahaushe ya ce in jifa ya wuce kanka ya faɗa kan kowa. Na ce wanda ake jifa ne yake faɗin haka, ba mai jifan ba, marar kunya.

Saura kwana uku a jefa ƙuri'a aka tafka ruwa, soron ɗakina ya fara zuba a kan gado. Ni na aika aka kira Malam Sule. Wannan ina ɗauke da shi har yau, ba sai wani ya tuna mini ba. Ya zo da hantsi shi kaɗai, ya hau ya tsuguna a bayan rawanin soron, wato ɗan bangon da ke kewaye rufin, yana cusa ƙasa a tsagar. Daga bayan ɗakin ba mai ganinsa. Ina tsakar gida ina kwaɓa masa laka a tsohuwar ƙwarya, sai muka ji kiɗan tauri ya cika lungun ƙofar gidanmu. Su Mamman ne, sun fi mutum talatin, wuƙaƙe tsirara suna gogawa a ciki. Na ce wa tsohon ya sauko. Ya ce saura kaɗan, hadari yana sake haɗowa.

Su Jibrin suna kangon da ke bayan ɗakina. An fi su yawa, kuma an tare musu hanya. Jibrin ya leƙa ta kan bishiya ya sauko, ya ce wa Gwadabe ƙananan duwatsu ba za su yi ba yau, 'yan tauri ne, sai an kayar da babbansu sauran za su watse. Ya ce yana tsaye gindin darbejiyar bakin lungu. Gwadabe bai tambayi ko wane ne babban ba. Ya sani, shi ya sa bai tambaya ba.

Aka miƙo masa wani ɓallin jan dutse irin na gindin Dala, girmansa da nauyinsa kamar tubali. Hannu ɗaya ba zai kai shi ba. Ya sa hannu biyu. Ya auna soron, ya auna tsakar gida da zaure, ya ga zarensa ya tashi ya shafi saman rawanin da kamu ɗaya ya lanƙwasa ya sauka gindin darbejiya. Ya sunkuya ya lilo daga tsakanin gwiwoyi, yadda bai yi ba tun farkon damina. Jiki ya tuna aikinsa, baki ma ya tuna nasa. Sabo turken wawa.

"Baba, hannu!"

Ina kallo. Malam Sule ya saki lakar da ke hannunsa, ya miƙe, ya juya wajen muryar ya buɗe tafuka biyu. Ko fuskarsa ba ta canja ba. Da tubali ne da ya zo ya tsaya a gabansa. Wannan kuwa ba don ya tsaya aka sake shi ba, sauran tafiya gare shi mai nisa, da dukkan ƙarfinsa ya zo. Ya ratsa tsakanin hannuwan ya same shi a saman girar hagu. Ƙarar kamar an taka ƙwarya. Ya yi baya, ƙafarsa ta bar rufin, ya faɗo tsakar gidana ta ƙeya, dab da bakin rijiya. Jini ya fara fita ta kunne kafin in ajiye abin da ke hannuna.

Kiɗa ya tsaya. Babu wanda ke lungun nan da bai ji kiran ba, babu kuma wanda bai san muryar ba. Mamman ya shigo da gudu, wuƙa a hannu, ya ga ubansa, wuƙar ta faɗi. A bayan ɗaki kuwa su Jibrin sun tsallake katanga sun watse, suka bar Gwadabe tsaye hannuwansa a sama yadda ya saki dutsen. Daga baya ya gaya mini tun kalmar tana bakinsa ya so ya haɗiye ta. Ya ce shekara goma sha bakwai bayan kiran nan ƙara ɗaya yake ji, tafi ya haɗu da tubali. Ranar ya ji wata daban.

Kwana biyu Malam Sule ya yi a asibiti. Kai ya kumbura har ba a gane shi, ido ɗaya ya shafe. Ran na biyu da la'asar ya farfaɗo, ni da Hasana da Mamman muna wurin. Ya lalubi rigar ɗansa ya riƙe. Ya ce, "Ya kira yadda na koya masa. Ni na miƙe." Ya sa Mamman ya rantse ba zai ɗauki ran mijin ƙanwarsa ba, ba kuma zai sa a ɗauka ba. Mamman ya rantse. Rai kawai ya ambata. Ni na lura, tsohon bai lura ba, ko kuwa ƙarfin lurar ya ƙare masa. Kafin magariba ya cika.

'Yan sanda sun zo sun yi tambaya, duk unguwa ba wanda ya ga komai, ba wanda ya ji komai. Maganar gida ce, a gida za a yi ta. Gwadabe kuwa tun ranar yana ɗakin tarkacena, bayan buhunan ƙaiƙayi. Ta katanga ya diro, ya san nan ne kaɗai Mamman ba zai so ya sake takawa ba. Bai je jana'iza ba, daga nan ya ji an wuce da makara. Jibrin ya aiko a ɓoye cewa akwai motar kaya a Ƙofar Na'isa za ta kudu, direban ya san da zancen, ya fito kawai. Na ce masa ya tafi. Na ce hannu irin nasa ko'ina ya je zai ci abinci, ya kwashe shi ya bar garin tun yana manne da jikinsa, Hasana da yara ba za su kwana da yunwa ina raye ba. Ya zauna yana juya hannun yana kallo, ciki da baya, kamar wani ne ya ba shi ajiya. Tuwon da na kai masa da hagu ya taɓa shi.

Aka yi sadakar uku, washegari da safe su Mamman suka fito. An yi zaɓen ma a tsakani, ba wanda ya bi ta kansa a lungunmu. Suka cinna wa shagon Jibrin wuta, shi ya riga ya gudu. Suka kama biyu daga yaransa, ɗaya suka karya masa ƙafafu da gora a kan dakalin masallaci, ɗayan suka tsaga masa kunne har wuya, wai su faɗi inda Gwadabe yake. Ba su sani ba, da sun faɗa. Muna jin kururuwarsu daga cikin gida. Sai Mamman ya ɗaga murya ya ce gida gida zai bi, kuma duk namijin da ya taɓa sa hular nan sai ya ɗanɗana, har mai jifan ya fito.

Gwadabe ya tashi ya kakkaɓe ƙaiƙayi. Na tare ƙofa na ce ta baya, ta baya ake zuwa Ƙofar Na'isa. Ya ce, "Iya Asibi, ara mini turminki." Ya mirgina shi da kansa ta zaure har tsakiyar lungu, ya kifa shi. Mutane suka dare. Ya durƙusa ya naɗe hannun riga ya shimfiɗa hannunsa na dama a gindin turmin, yatsu a buɗe.

Mamman ya daɗe yana kallonsa. Mutanen da suka ci tuwo kwano ɗaya. Sannan ya ce, "Baba ba shi ka nufa ba, na sani. Wa ka nufa?"

Gwadabe ya ce, "Kai."

Da ya yi ƙarya, wataƙila da an tsaya a karaya ɗaya. Mamman ya ajiye gorarsa, ya shiga zaurena ya ɗauko taɓarya. Na riƙe ta, ya fizge har na zube. Sau uku ya ɗaga ta da hannu biyu. Na farko a kan yatsu, na biyu a bayan hannu, na uku a wuyan hannu, nan ne ƙashi ya huda fata ya fito fari. Gwadabe bai janye ba. A na farko ya yi wani gurnani kamar sa a mayanka, sauran biyun bai san an yi su ba, goshinsa yana kan turmin. Mamman ya jefar da taɓaryar ya tafi yana tangaɗi kamar shi aka daka. Hasana tana tsaye a bakin lungu da goyo, ba ta yi kuka ba, ba ta matso ba. Turmin nan ban sake daka a cikinsa ba, na sa aka faskara shi.

Maɗori ya zo ya taɓa ya ce shi karaya yake ɗorawa, wannan tsaki ne. Ya ɗaure dai da karare don kada a ce bai yi komai ba. Hannun bai ruɓe ba, bushewa ya yi, ya ƙanƙance ya naɗe kamar ƙafar kazar da aka babbake. Damina ta wuce, aka koma gini, wani ne a gindin katanga, wani ne a sama. Alhajin da aka yi domin shi ya sami kujerarsa, kuma na tabbata har ya sauka bai taɓa jin sunan Gwadabe ba. Shekara huɗu soja suka dawo suka kwashe su duka.

Hasana ba ta bar shi ba. Ta dafa masa, ta wanke masa, ta ƙara haifa masa biyu, amma ban sake jin dariyarta in yana gida ba. Shi da Mamman masallaci ɗaya suke salla, wannan a wannan bakin sahu, wancan a wancan. Gwadabe ya yi gadin kayan gini, ya yi tallan goro a faifai, daga baya ya dawo dakalin ƙofar gidana ya kafa teburin rake, yana riƙe wuƙa da hagu yana danne raken da dungun. Kullum fuskarsa tana wajen sorona. Da aka yi shekara ashirin soja suka sake cewa za su koma bariki, wasu samari masu jajayen idanu suka zo wai a nuna musu tsohon da yake jifa ta bayan gida uku. Ya zaro hannun daga cikin riga ya ɗora a kan tebur tsakanin rake. Suka yi 'yan dariyarsu suka wuce, wuƙaƙensu suna leƙowa ta ƙugu.

Rabuwata da shi a makon da samarin nan suka zo ne, kwana tara kafin zazzaɓin da ya tafi da shi. Na fito da hantsi zan je barka, na same shi ya runtse ido ɗaya, ya miƙa babban yatsan hagu yana auna rawanin soron. Ya tsufa fiye da ni da na girme shi. Ya ce, Iya, ya sake dubawa, da ya ƙara ɗaga hannu kamu biyu da ya wuce ta saman kan Baba ko yana tsaye. Na ce da ya sauka a kan Mamman. Sai ya ce to da ya riƙe bakinsa. Na ce da ya sauka a kan Mamman. Ya ce to da ya ɗan karkata hagu. Haushi ya kama ni, ga rana, ga ƙafa tana ciwo.

Na ce, "Kai Gwadabe, ka ishe ni da awon nan. Dutse ya sauka tun shekara ashirin, ni na wanke jinin da hannuna. Kai ne dutsen da ya bar hannun Jibrin tun ranar lasifika, har yau kana sama kana neman wanda zai cafe ka, mai cafewar kuma ka san inda ka kai shi. Sauke yatsan nan ka yanko mini rake na gindi, kada ka ba ni mai tsutsa irin na jiya."